Zama a bakin teku: tambayoyin da mutane suka fi yi da amsoshinsu

Jama'a waɗannan tambayoyi ne da ake ta maimaitawa, musamman daga waɗanda aiki ko kasuwanci ko aure ya kai su garin da ke gaɓar teku alhali basu tashi a irin wurin ba, shine naga gara a tattara su wuri ɗaya. Wasu amsoshin zasu yi tsawo, a yi haƙuri, akwai abinda in aka gajarta shi to an cuci mai tambaya.

Malam meyasa komai na ƙarfe a gidana yake tsatsa, ko shekara ƙofar bata yi ba?

Ɗan uwa ba mai walda ne ya cuce ka ba, iskar ce. Duk lita ɗaya ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35 a ciki, kuma duk sanda igiyar ruwa ta fashe a gaɓa wani feshi ne ke tashi wanda ido baya gani, iska ta kwashe shi ta shafa wa ƙofa da taga da kwanon rufi da mashin da mota, gishirin nan kuma yana jawo laima ya riƙe, toh ƙarfe da laima da gishiri in suka haɗu ai tsatsa ce kawai. Ka shafa yatsa a gilashin tagar da ke kallon teku da safe zaka ji yana ɗan danƙo, shine shi.

Abinda ke aiki shine wanki da ruwan daɗi akai akai, mota har ƙarƙashinta, mashin har sarƙa sannan a sa mata mai. Ƙofa da get a kankare tsatsar tukunna a sa fentin farko mai hana tsatsa kafin fentin ado, in aka shafa fenti a kan tsatsa zata ci gaba da ci daga ciki ne. In zaka sayi sabo ka nemi alminiyom ko ƙarfen da aka yi wa rufin tutiya, in sitenles ne mai lamba 316 ya fi mai lamba 304 jure gishiri. Kuma kar a buga kwanon alminiyom da ƙusar baƙin ƙarfe, wajen ƙusar ne zai fara cinyewa ya huje.

Zan fara gini, ga yashi nan birjik a bakin ruwa, ba sai in ɗiba ba?

A'a dan Allah. Wannan arahar tana da tsada daga baya. Yashin teku akwai gishiri a jikinsa, in aka kwaɓa kankare da shi gishirin yana nan a ciki yana cin rodi a hankali, rodi kuma in yayi tsatsa kumbura yake, sai ya tura kankaren daga ciki ya tsage, kaga wata shekara ka ɗaga kai ka ga ɓaraguzai sun faɗo daga rufin kankaren, rodi a waje yayi ja. Haka ruwan da za a kwaɓa da shi, in zartsi ne matsalar ɗaya ce. A nemi yashin kogi ko wanda aka wanke, a kwaɓa da ruwan da mutum zai iya sha, sannan a tabbata kankare ya rufe rodi da kauri, a irin wuraren nan injiniyoyi kan nemi wajen santimita 5. Ka tsaya da kanka ranar zubi ka gani ko an sa 'yan duwatsun da ke ɗaga rodi daga jikin katako, leburori kan tsallake su in ana sauri.

Bayan haka ɗibar yashin ma kanta laifi ce a ƙasashe da yawa, zan zo kan wannan a ƙasa.

Rijiyarmu da daɗinta muka same ta, yanzu ta koma zartsi. Wani abu aka zuba mana?

Hajiya babu wanda ya zuba komai, kuma ina roƙo kar a zargi maƙwabci a kan wannan, na san unguwannin da aka ɓata zumunci saboda irin zargin nan. Yadda abin yake shine a ƙarƙashin ƙasar gaɓa ruwan daɗi yana zaune ne a saman ruwan gishiri kamar mai a kan ruwa, don ruwan gishiri ya fi nauyi. Masana sun auna cewa duk mita 1 na ruwan daɗi da ke sama da matakin teku akwai wajen mita 40 nasa a ƙasa, toh ki juya lissafin, in injinan bohol suka zuƙe ruwan ya sauka da mita 1 kawai, ruwan gishirin zai iya tasowa da wajen mita 40. Shi yasa unguwar da da rijiya biyar ce ake ja da guga, yanzu kowane gida da bohol da tanki biyu ga masu sayar da ruwa ga otal, sai a wayi gari duk an ɗanɗana gishiri a lokaci ɗaya. Kuma in ya shiga fitarsa ba ta wata ɗaya ko biyu bace, yakan ɗauki shekaru.

Ƙara zurfin rijiya a nan sau da yawa ƙara kusantar gishirin ne. Tafasa ruwan baya cire gishiri, ƙara masa ƙarfi ma yake don ruwan ne ke tafiya gishirin ya zauna, alif baya cirewa, maganin kashe ƙwayoyin cuta baya cirewa, sai na'urar tacewa ta musamman mai matsa ruwa ta cikin fata mai ƙananan ƙofofi, ita kuma ba kowa ke iya saye ba. Mai hawan jini da mai ciki da mai ciwon ƙoda su guji shan zartsi.

Abinda zai taimaka shine a rage ja, a riƙa kunna inji kaɗan kaɗan maimakon a bar shi yana aiki har tanki yana ambaliya, a tari ruwan sama daga kwano a zubar da na farkon don shi ke wanko ƙura da kashin tsuntsu, sannan a daina shafe duk tsakar gida da siminti, a bar inda ruwan sama zai nutse don shine ke sake cika ƙasan. Amma gaskiya in gida ɗaya ne ya rage saura basu rage ba to aikin banza ne, ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katangar kowa ba. Jakarta babban birnin Indonesiya misali ne, yawan zuƙe ruwan ƙasa ya sa ƙasar kanta tana lotsawa har kusan kashi 40 cikin 100 na birnin ya koma ƙasa da matakin teku, yana cikin dalilan da suka sa a 2022 suka yi dokar gina sabon babban birni mai suna Nusantara.

Ba a yi ruwan sama ba amma kwatarmu ta cika har ruwa ya hau titi, ya akayi?

Teku ce ta cika. A mafi yawan gaɓoɓi tana cika sau biyu tana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika wajen awa 12 da minti 25, shi yasa kullum lokacin ke matsawa gaba da kusan minti 50. Wata ne ke janta, rana na taimakawa. Mai lissafin watan sama ya huta, don cika mafi girma tana zuwa ne a farkon wata da kuma tsakiyarsa wajen 14 zuwa 16, lokacin da rana da wata suke ja a layi ɗaya. A irin ranakun bakin magudanar da ke zuba a teku yakan nutse, ruwa ya dawo da baya ta cikin lambatu. In kuma aka yi rashin sa'a ruwan sama mai ƙarfi ya haɗu da wannan cikar toh ranar ce ake kwana a tsaye. Akwai jadawalin cika da janyewa da hukumomin tashar jiragen ruwa da na yanayi ke fitarwa, akwai manhajoji a waya, masunta kuma sun haddace shi, ka tambaye su.

Zan kama haya ko in sayi fili, me zan duba?

Kar ka je da rani kawai. Ka je bayan an tafka ruwa, ka je ranar cikar teku. Ka duba ƙasan bango, ruwa yakan bar layi inda ya tsaya, in kaga an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai saura tsoho to ka yi tambaya. Ka duba ko maƙwabta sun gina 'yar katanga a bakin ƙofa da ake tsallakawa, ko sun ɗora firji a kan bulo. Ka ɗanɗana ruwan famfo. Ka tambayi wanda ya daɗe a layin ba dillali ba.

Fili kuwa ka fara sanin nisan da doka ta ce a bari tsakanin gini da bakin ruwa, kowace ƙasa da nata, ofishin tsara gari ne zai faɗa maka, don akwai filin da ake sayarwa da takarda mai kyau alhali ko dai gwamnati zata rushe ko teku ta riga ta. Filin da aka cike fadama da shara aka zuba jar ƙasa a sama shima lotsawa yake.

Na iya iyo a kogi tun ina yaro, akwai wani bambanci ne?

Akwai sosai, kuma masu cewa sun iya ɗin su ne suka fi shiga haɗari. Ruwan da raƙuman ruwa ke turowa gaɓa dole ya koma, toh yakan tattaru ya fita ta wata siririyar hanya da gudu, har yakan kai mita 2 a daƙiƙa ɗaya, babu gwanin da zai iya yin gaba da shi. Abin tsoron shine wurin yafi ko'ina kama da lafiya, zaka ga hagu da dama igiya na fashewa da farin kumfa amma a tsakiya wani fili shiru, ruwan ya ɗan fi duhu, wani lokaci kaga leda ko ciyawa na tafiya ciki, sai baƙo yace bari in shiga nan da babu igiya.

In ya ɗauke ka kar ka yi kokawa da shi kana son komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutum. Baya jan mutum ƙasa, waje yake kai shi. Ka kwanta ta baya ka yi numfashi, ka ɗaga hannu a ganka, in da ƙarfinka ka yi iyo ta gefe, wato ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga cikinsa sannan ka juyo. In wani ka gani a ciki kar ka faɗa haka nan, ka jefa masa jarka mai murfi ko taya ko igiya ka kira masu ceto, sau nawa ake rasa mutum biyu uku a wajen ceton mutum ɗaya. Wanda aka fito da shi baya numfashi a fara hura masa iska a baki da danna ƙirji, a daina ɓata lokaci wajen matsa ciki wai a fitar da ruwa, ko ya farfaɗo kuma a kai shi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, yara ƙanana na cikin waɗanda abin yafi shafa, kuma yaro baya ihu in yana nutsewa, shiru yake tafiya, don haka mai kula da yara a bakin ruwa ya ajiye waya.

Dole ne sai na sa rigar ceto in zan hau kwalekwale? Tafiyar minti goma ce.

Dole ne. Ka ɗaure ta kuma, wadda ba a ɗaure ba ficewa take ta kai. In kaga an yi lodi har ruwa ya kusa bakin jirgi ko dare ne babu fitila ka sauka ka jira na gaba.

Kayana a cikin kwaba sun yi fumfuna, takalma har sun yi fari. Me zan yi?

Ƙanwata laima ce. Ki janye kwaba da gado daga jikin bango ko da tafin hannu ɗaya ne, ki riƙa buɗe tagogi biyu masu kallon juna iska ta ratsa, kar ki ninke kaya sai sun bushe ƙarau, takalma da jakar fata a riƙa fito da su rana. Takardu masu muhimmanci a sa a leda mai zif a ajiye a sama. Bangon da yayi baƙi a wanke da bilic da aka sirka da ruwa taga a buɗe, kar a haɗa bilic da wani maganin wanki don hayaƙin da yake fitarwa guba ne. In akwai mai asma a ɗakin kar a yi wasa da wannan.

Bayan ambaliya yara sun fara gudawa, daga ina?

Daga ruwan sha mafi yawa. A gaɓa ruwan ƙasa kusa yake, wani wurin ka haƙa mita ɗaya ka same shi, toh masai da sokawe suna zaune ne kusan a cikin ruwan da rijiya ke ja, in ambaliya ta zo kuma sai komai ya gauraya. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, ƙasan ramin kuma ya zama mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, inda hakan bazai yiwu ba ɗaga masan ake yi sama a shafe shi da siminti a riƙa kwashewa. Bayan ambaliya duk ruwan sha a tafasa ko a sa masa maganin kulorin. In gudawa ta fara a haɗa ruwan gishiri da sukari nan take, lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan kaɗan ana kan hanyar asibiti. In gudawar ruwa ce zalla fara fara tana zuba ba tsayawa to a ɗauka kwalara ce, tana iya kashe babba a cikin awoyi.

Sauro kuma, tsakanin ƙwai da zama babba wajen kwana 7 zuwa 10 ne, don haka in kowane gida zai kifar da tsofaffin tayoyi da gwangwani ya rufe randa da tanki sau ɗaya a sati za a ga bambanci.

Ruwa ya shigo gida da dare, me zan fara yi?

Kashe wuta daga babban makunni in zaka iya kai wa gare shi ba tare da ka tsaya cikin ruwa ba, in ba haka ba ka bar shi ku fita. Yara da tsofaffi da magunguna da takardu, saura kaya ne. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babba, santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, ga kwalbatin da murfinsa ya tafi ba a gani. Janareto kar a shigo da shi ɗaki don gudun ruwa, akwai iskar guba mara wari a hayaƙinsa da ke kashe mutane suna barci. Bayan ruwa ya janye kar a kunna komai sai mai gyaran wuta ya duba, ruwan gishiri ko ya bushe yana barin gishiri a cikin soket yana ci.

Ana cewa in teku ta janye da nisa a gudu, gaskiya ne?

Gaskiya ne. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi ko ta daɗe tana girgiza, ko kaga teku ta ja baya farat ɗaya ba a lokacinta ba har kifi na tsalle a kan yashi, kar a tsaya kallo ko tsintar kifi, a nufi tudu da ƙafa, kuma kar a dawo bayan igiyar farko don ta biyu ko ta uku kan fi girma. Irin wannan babbar igiyar ita ake kira tsunami. Tsunamin 26 ga Disamba 2004 a tekun Indiya ya kashe sama da mutum 220,000, amma a tsibirin Simeulue na Indonesiya da ke kusa da inda girgizar ta faru mutum 7 kawai aka rasa cikin fiye da 70,000, saboda tun bayan irin wannan da ya same su a 1907 iyaye ke gaya wa 'ya'ya in kaga haka ka hau dutse. Ba kowace gaɓa ke da wannan haɗarin sosai ba, amma sanin baya cin komai.

Guguwar teku ma haka, a Bangaladesh ta 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, bayan nan suka gina mafaka masu tsayi suka horar da masu sa kai da ke bi gida gida da lasifika, ta 2007 mai ƙarfi ce sosai amma waɗanda aka rasa 'yan dubbai ne.

Teku na cin unguwarmu, kowa na zuba duwatsu a gaban gidansa. Hakan zai tsayar da ita?

Baba wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Yashin gaɓa tafiya yake, igiya na kwasarsa daga wani gefe tana kai shi wani gefen, kogi kuma na kawo sabo. In aka datse kogi da madatsa, ko tifofi suka yi ta kwasa dare da rana, ko aka gina wani abu da ya tare tafiyar yashin, to wanda ke ƙasa da wurin shi zai biya, yashinsa na tafiya babu mai mayewa. Katangar gida ɗaya takan kare gidan na ɗan lokaci amma ruwan sai ya zagaya ya ci na maƙwabci da ƙarfi, ya kuma rarake ƙarƙashin katangar har ta kife. Ga shi matakin teku a duniya ya ƙaru da wajen santimita 20 daga 1900 zuwa yau.

Taɓa gaɓa ba tare da nazari ba haɗari ne babba. A Saint-Louis ta Senegal a 2003 an yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a zirin yashin da ya raba kogi da teku don ruwan ambaliya ya fita, hanyar ta yi ta faɗi har ta kai kilomitoci, ta cinye ƙauyuka, gishiri ya shiga gonaki, masunta da dama sun rasu a wajen ratsa ta.

Abinda unguwa zata iya yi da hannunta shine ta hana kwasar yashi, ta bar tudun rairayi da ciyawar da ke riƙe shi, ta daina sare itatuwan mangurof, waɗannan masu saiwoyi tsaye a cikin ruwa da taɓo, don suna karya ƙarfin igiya suna riƙe ƙasa kuma a cikinsu ƙananan kifaye ke girma. Na san masu kwasar yashi da masu saran icen abinci suke nema, yawanci ma yaran unguwa ne, don haka in za a hana sai an zauna da su an duba me zasu koma yi, in ba haka ba da dare zasu dawo.

Toh mu da bamu da ƙungiya a unguwa, ta ina zamu fara?

Ku fara da kwata don ita kowa ke gani. A sa rana kafin damina a yashe tun daga sama har bakin da take zuba, don in layi ɗaya ya yashe na ƙasa bai yashe ba ruwan a ƙofar na ƙasan zai kwana ya dawo, kuma abinda aka fitar a kwashe shi ranar, in aka tara a gefe ruwan farko zai mayar da shi. A buɗe zauren WhatsApp na gargaɗi kawai ba na gaisuwa da tura bidiyo ba, a sa mutum ɗaya mai turo ranakun cikar teku da sanarwar hukumar yanayi. A rubuta gidajen da ke da tsoho ko mara lafiya ko mai jego, a san wa zai ɗauko wa in ruwa ya zo, a san kuma ginin da za a taru.

Sannan a riƙa ajiye shaida. A kafa alama a wuri ɗaya, a riƙa auna nisanta da bakin ruwa duk wata ana ɗaukar hoto da kwanan wata, a riƙa sa fenti a jikin turken wuta inda ambaliya ta tsaya kowace shekara. In za a je ƙaramar hukuma ko hukumar muhalli a je da takarda a rubuce da hotunan da sa hannun mutanen unguwa har da 'yan haya da mata da masunta, a yi kwafi biyu, a sa su buga hatimin karɓa a kan ɗaya a dawo da shi, a kuma rubuta ranar da za a koma bibiya.